Tsanin da Ya Rasa Matakan Ƙasa: Tarken Tsarin Ilimi a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Daura, ya yada zango a Kazaure, da wuya ya bar garin bai yi sha'awar yawan makarantun da ke cikinsa ba. A nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu take, wadda aka kafa a 1991 a matsayin mallakar Jihar Jigawa, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 2007. A nan cibiyar koyon fasahar kwamfuta da sadarwa ta jiha take, wadda jama'a suka fi sani da Informatics. A nan kuma Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya take. Idan matafiyin ya karkata zuwa Babura, can kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, zai tarar da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafawa a 2021. Baƙon da ya ga wannan jerin sai ya ce mutanen yankin sun gama da matsalar ilimi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ɗan wannan yanki ne. A wani ƙauye na ƙasar Roni na fara riƙe allo, a can na shiga firamare, kuma cikin waɗanda muka zauna a ƙasa tare a aji ɗaya, yatsun hannu guda sun isa a ƙirga waɗanda suka taka ƙofar wata babbar makaranta. Ban fi sauran basira ba. Wasunsu ma su ne suke yi mini bayanin lissafi a hanyar komawa gida. Tambayar da ta haifar da wannan maƙala ke nan: idan tsarin iliminmu tsani ne da ya tashi daga ajin share fage ya kai jami'a, me ya sa mafi yawan masu hawansa suke faɗowa tun daga matakan farko? Ra'ayin da zan kare shi ne, laifin yana cikin yadda aka haɗa tsanin kansa, wato yadda aka raba mallakarsa, da harshen da ake tarbar yaro da shi, da yadda aka bar karatun allo a waje, da kuma yadda aka fi kula da ƙololuwa fiye da gindi.

Tsarin Kamar Yadda Yake a Takarda

Adalci ne a fara da bayyana abin da ake son tarkewa. Jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, ba ta da wani tsarin ilimi nata daban. Tana bin Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fara wallafawa a 1977, aka yi ta yi mata kwaskwarima har zuwa bugun 2013. Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda suke cikin Masarautar Kazaure tare da 'Yankwashi, da Babura da ke cikin Masarautar Ringim, duk wannan manufa ce take tafiyar da makarantunsu.

A bisa manufar, yaro yana yin shekara guda a ajin share fage, wanda iyayenmu suke kira rabin aji. Daga nan sai shekara shida ta firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, sannan huɗu ko fiye a jami'a. Shirin Ilimin Bai-ɗaya da Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004, ya haɗe firamare da ƙaramar sakandare ya mayar da su shekara tara na ilimi kyauta kuma na tilas. Manufar ta ce kada malamin firamare ɗaya ya riƙe fiye da yara 35, kuma mafi ƙarancin shaidar da za a koyar da ita ita ce NCE. A ƙarshen sakandare ɗalibi zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO, ko NABTEB idan makarantar fasaha ya yi, ko NBAIS idan ɓangaren Larabci da addini ya bi. Sai ya nemi kiredit biyar, ya haye jarrabawar JAMB, sannan ya zaɓi kwalejin ilimi, ko kwalejin kimiyya da fasaha, ko jami'a.

Babu wanda zai karanta wannan ya ce masu tsara shi ba su yi tunani ba. Kowane mataki yana da shekarunsa da manhajarsa da jarrabawarsa. Sai dai an zana shi ne bisa zaton cewa duk yaron da ya gama mataki ɗaya ya samu abin da matakin ya yi alkawari, kuma mataki na gaba yana nan kusa yana jiransa. Waɗannan zato biyu su ne suke rushewa da zarar an bar titin kwalta an shiga ƙauyukan Gwiwa.

Ɗa Ɗaya, Iyaye Barkatai

Aibin farko shi ne na mallaka. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Tarayya da jihohi ikon yin doka a kan ilimi, ya kuma ba ƙananan hukumomi hannu a tafiyar da firamare. Saboda haka, makarantar firamare guda ɗaya a ƙauyen Babura tana da iyaye da yawa. Albashin malamanta daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi. Hukumar SUBEB da ke Dutse ce take kula da ɗauka da biyan malaman. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ne yake sa ido a kansu. Kuɗin gina ajujuwa kuwa daga hukumar UBEC ta Abuja wani kaso yake fitowa, ita kuma manhajar a wata hukumar tarayya daban ake rubuta ta. Idan iska ta yaye rufin aji a farkon damina, hedimasta zai rubuta wa sakataren ilimi, shi kuma ya tura gaba, takarda ta yi ta yawo har damina ta fita yara suna karatu a gindin darbejiya. Na ga wannan da idona, kuma a duk tsawon lokacin babu wani ofishi guda da uban yaro zai je ya ce, "Kai ne da alhakin wannan."

Haka rabon kuɗin yake da karkata. Dokar 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimin bai-ɗaya, amma ta ɗora sharaɗi: jiha ba za ta karɓi kason gine-gine ba sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Manyan makarantun gwamnati kuwa suna da asusun TETFund, wanda tun 2011 aka keɓe musu shi kaɗai, ana tara shi daga harajin kamfanoni, kuma ba a ɗora musu irin wancan sharaɗi ba. Babbar sakandare, wadda ita ce gadar da ke tsakanin biyun, ba ta cikin shekaru taran ilimin bai-ɗaya, ba ta kuma cikin masu cin gajiyar TETFund. Ma'anar wannan a fili take: matakin da yara suka fi yawa a kansa shi ne aka ɗaure kuɗinsa da sharaɗi, matakin da 'yan kaɗan suke kaiwa shi ne kuɗinsa yake kwarara kai tsaye.

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake tayar da tambayar wa zai riƙe albashin malamin firamare. Ko ta ina aka warware ta, abin da ya dami talaka shi ne a samu hukuma guda da za a iya nuna wa yatsa idan ɗansa ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba.

Harshen da Ake Tarbar Yaro da Shi

Aibi na biyu ya fi na farko zurfi, domin a cikin aji yake. Yaron Gwiwa yana zuwa makaranta da Hausa a bakinsa, wani kuma da Fulatanci. Da ita yake ciniki, da ita yake wasa, da ita aka fassara masa abin da ya koya a makarantar allo. Manufar Ilimi ta daɗe tana cewa a koyar da yaro da harshen muhallinsa a shekaru ukun farko na firamare. A Nuwamban 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙara wa'adin zuwa shekara shida. A Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da soke wannan, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe.

Abin da na tarar a ajujuwan yankinmu bai yi kama da ko ɗaya daga cikin waɗannan manufofi ba. Littafin da Turanci yake, abin da malami zai rubuta a allo Turanci ne, bayanin da zai yi da baki Hausa ce, jarrabawar kuma ta koma Turanci. Yara suna maimaita jimla da ƙarfi har a jiyo su daga bakin kasuwa, su kwafe ta cikin littafi da kyakkyawan rubutu, alhali ba su san me ta ƙunsa ba. Sun iya zanen harafi, ba su iya karanta shi ba.

Bayan na gama digiri, na yi wata huɗu ina koyarwa ta sa-kai a wata ƙaramar sakandare a yankinmu. Wata rana na rubuta tambayar lissafi a allo da Turanci, ajin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Sai na juya tambayar na ce, "Manomi ya samu buhu goma sha biyu na riɗi, ya ba mai gona kashi ɗaya cikin huɗu, ya sayar da rabin abin da ya rage. Buhu nawa ya kai gida?" Ban rufe baki ba wani yaro daga can baya, wanda rajista ta nuna shi ne na kusa da ƙarshe a ajin, ya ce, "Huɗu da rabi, Malam." Lissafin yana kansa tun tuni. Harshe ne ya tsaya tsakaninsa da takardar jarrabawa, ita kuma takardar ta rubuta shi a cikin daƙiƙai.

Masu goyon bayan Ingilishi suna da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Da Turanci ake WAEC da JAMB, da shi ake neman aiki, kuma uban da ya ce yana son ɗansa ya ji Turanci ba wauta ya yi ba. Amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko da a Turancin. Maƙwabtanmu na Damagaram, waɗanda 'yan Babura suke cin kasuwa ɗaya da su, sun fara gwajin makarantun Hausa da Faransanci tun 1973. Yaron da ya fara gane cewa harafi sauti ne a harshen da yake ji, sauƙin ɗaukar wannan fasaha zuwa wani harshe yake samu. A ganina ba a taɓa gwada koyarwa da Hausa da gaske a firamarenmu ba, tunda ba a wadata ajujuwa da littattafan lissafi da kimiyya na Hausa ba, ba a kuma horar da malamai a kan hanyar ba. Abin da ba a gwada ba, ba a ce ya gaza.

Allo a Waje, Boko a Ciki

Aibi na uku tsoho ne. Tun kafin Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, ƙasar nan tana da tsarin karatu mai matakai. Kolo yana farawa da babbaƙu da farfaru, ya zama tittibiri, ya zama gardi, ya sauke, ya yi hadda da satu, wani ya kai alaramma. Daga nan mai himma ya shiga littattafan fiƙihu da nahawu a zauren malami. Wannan ma tsani ne, kuma har yau babu ƙauyen Roni ko Gwiwa da za a shiga a rasa makarantar allo ko ta Islamiyya, ko da babu firamare mai rufi.

Tsarin ilimin ƙasa ya ɗauki wannan duka kamar babu shi. Gardin da ya haddace Alƙur'ani, ya iya rubuta shi da ka, yana kuma rubuta wasiƙa da ajami, idan ya nemi shiga boko yana ɗan shekara goma sha biyar, babu wata ƙofa sananniya da aka tanadar masa a kusa da gida. Sau da yawa sai a ce ya zauna da yara 'yan shekara shida, kunya ta kore shi. A ƙididdiga kuma sai a jefa shi cikin yara sama da miliyan 10 da hukumar UNICEF take cewa ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kamar bai taɓa koyon komai ba.

Ba ina wanke tsangaya daga nata laifin ba ne. Yaron da aka raba da uwarsa yana ɗan shekara bakwai, yana yawo da kwano babu takalmi, an zalunce shi, ko da sunan me aka yi. Kuma alaramman da ya hana almajirinsa koyon lissafi da sana'a ya rage masa hanyoyin cin halal. Amma gyaran da gwamnatoci suka gwada ya fi karkata ga gini. Makarantun almajirai na zamani da Shugaba Goodluck Jonathan ya fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012 sun nuna iyakar wannan hanya, domin gina makaranta ɗaya mai kyau ba ya taɓa dubban zaurukan da yara suke zaune a cikinsu. An kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023, kuma abin da zai auna nasararta shi ne ko za ta gina gada tsakanin tsanin biyu: a gwada abin da almajiri ya sani, a ba shi shaida, a koya masa boko da lissafi a gajeren zango a inda yake, sannan a sa shi a ajin da ya dace da shekarunsa.

Mahaɗar Matakai, Inda Yara Suke Zubewa

Wanda ya lura zai ga cewa yara ba su cika barin makaranta a tsakiyar mataki ba. A mahaɗa suke zubewa. Mahaɗar farko ita ce tsakanin gida da aji ɗaya. Ajin share fage, wanda manufa ta ce kowace firamare ta gwamnati ta samu, a ƙauyukan da na sani ko dai babu shi, ko kuma ɗaki ne da ake tara ƙanana a bar su da babbar yarinya ta hana su kuka. A cikin garin Kazaure kuwa ɗan ma'aikaci yana shafe shekara biyu ko uku a makarantar kuɗi kafin ya shiga firamare. Tun ranar farko tazara ta riga ta shiga tsakanin yaran biyu, alhali jarrabawa ɗaya za su zauna bayan shekara goma sha biyu.

Mahaɗa ta biyu ita ce tsakanin aji shida da ƙaramar sakandare. Shirin UPE na 1976 ya kai firamare ƙauyuka da dama, amma sakandare ba ta bi ta ko'ina ba. Idan makarantar gaba tana wani gari mai nisan tafiyar awa guda a ƙafa, namiji yana iya samun keke. 'Ya mace kuwa, da ta fara girma, uwarta ba za ta yarda ta riƙa ratsa gonaki ita kaɗai safe da yamma ba. Mun saba ɗora wa iyaye laifin ƙin boko da aurar da yara da wuri, kuma akwai masu wannan laifi. Amma na san iyaye mata da suka yi kuka ranar da 'yarsu ta daina zuwa makaranta. Lissafi suka yi: ga nisa, ga makarantar babu malama mace ko ɗaya, babu ban-ɗaki, ga kuma yayarta da ta gama aji shida ba ta iya karanta sunan magani ba. Uwar da ta zaɓi talla a kan wannan ba jahilci ne kaɗai ya ja ta ba. Makarantar ce ta kasa nuna mata riba.

Akwai kuma kalandar karatu, wadda ba ta san damina ba. A lokacin shuka da noma da girbi, ajujuwan ƙauye suna raguwa, domin hannun yaro yana cikin abin da gida yake ci. 'Ya'yan Fulani makiyaya, waɗanda aka kafa wa hukumar ilimi ta musamman tun 1989, suna bin dabbobi idan rani ya tsananta. Tsarin da aka yi wa manoma da makiyaya ya kamata ya san lokacin da suke gona da lokacin da suke gida.

Ƙololuwa Mai Ƙyalli

Yanzu sai mu koma ga manyan makarantun da muka fara da su. Tarihi ya nuna cewa cibiyar kwamfuta ta Kazaure ta samu ne a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ɗan Kazaure, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ita kuma jami'ar Babura ta zo ne lokacin da Muhammad Badaru Abubakar, ɗan Babura, yake gwamna. Ba abin zargi ba ne mutum ya jawo wa mahaifarsa alheri. Abin lura shi ne, siyasarmu ta fi iya haifar da abin da ake yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto. Jami'a tana da ƙofa da allon suna. Yaron aji uku da ya iya karatu ba shi da ranar buɗewa, don haka ba a cika yin kamfe da shi ba.

Za a iya ce mini waɗannan makarantu sun kawo albarka, kuma gaskiya ne. Sun samar da aiki, sun raya kasuwa da gidajen haya, sun sa yaron da ba zai iya zuwa Zariya ko Kano ba ya yi difloma yana kwana a gidan ubansa. Ganin ɗalibai ma kaɗai yana sa ƙaramin yaro ya yi buri. Tare da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ta 2013, da Kwalejin Ilimi ta Gumel, ɗan Jigawa ba ya kukan rashin inda zai nema. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ma ta ware kashi 35 cikin ɗari ga 'yan yankin da jami'a take, da kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, Jigawa kuma tana cikinsu.

Sai dai gurbi ba ya amfanar wanda ba shi da takardar shiga. Jami'ar fasaha da kwalejin kimiyya suna neman kiredit a lissafi da fiziks da kimistiri. Ɗalibin da ya gama babbar sakandare bai taɓa ganin an haɗa sinadari biyu a gabansa ba, wanda malamin da ya karanta wani fanni daban ne yake karanta masa fiziks daga littafi, ta yaya zai cika wannan sharaɗi? Hanya biyu ta rage masa: ya faɗi, ko ya nemi kiredit ta satar amsa. Wanda ya bi ta biyun yana shiga babbar makaranta da takarda mai kyau da kai wayam, malaman can su yi ta fama da abin da ya kamata a gyara tun aji uku. Daga cikin irin waɗannan ɗalibai ne kuma wasu suke komawa kwalejin ilimi, ba don son koyarwa ba sai don nan ne makinsu ya kai, su fito su riƙe alli a firamaren da ta yaye su. Da haka raunin yake zagayowa ya koma inda ya faro.

Kammalawa

Tarke ba ya cika sai an faɗi abin da ake ganin zai gyara. Na farko, a mayar da iya karatu ma'aunin firamare. Kowace shekara a zaunar da yaran aji uku a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, kowa ya karanta gajeren labari da Hausa, ya yi lissafi mai sauƙi, a kafe sakamakon kowace makaranta a ƙofar fadar hakimi da sakatariyar ƙaramar hukuma. Wannan ba ya bukatar sabon gini, kuma zai ba iyaye abin da za su riƙe su yi tambaya. Na biyu, ko da Turanci ya zama harshen koyarwa a hukumance, jiha tana da ikon tabbatar da cewa darasin Hausa a azuzuwan farko ya zama wurin da yaro yake koyon haɗa baƙi da wasali da gaske, da littafi a hannun kowane yaro. Na uku, a tura ƙwararrun malamai azuzuwan ƙasa da ƙauyuka masu nisa, a ba su alawus da wurin kwana, a kuma ɗauki nauyin 'yan matan ƙauyukan su yi NCE su dawo gida su koyar. Na huɗu, a buɗe ƙofa tsakanin allo da boko, da shawarar alarammomi da sarakuna, waɗanda jama'a suke jin maganarsu. Na biyar, manyan makarantun Kazaure da Babura su sauko ƙasa: su buɗe ɗakunan gwaje-gwajensu ga ɗaliban sakandaren maƙwabta a ranakun Asabar, su riƙa horar da malaman kimiyya a lokacin hutu. Yin haka taimakon kansu ne, domin daga nan ɗalibansu za su fito.

Mu ma da muka haye muna da namu kason. Yawancinmu da mun karɓi digiri sai mu nufi Kano ko Abuja, mu riƙa zuwa gida da sallah muna kushe makarantar da ta yaye mu. Wata huɗun da na yi a aji sun nuna mini cewa awa biyu a mako daga kowane mai digiri na garinmu za ta iya sauya makomar aji guda.

Yaron nan da ya ba ni amsar buhunan riɗi, na tambaya a kansa da na je gida a bara. Aka ce ya bar makaranta bayan aji uku na ƙaramar sakandare, yana ci-rani a kudu. Daga ƙauyensu zuwa ƙofar kwalejin kimiyya ta Kazaure tafiya ce da babur zai yi da safe ya dawo kafin azahar. Ranar da yaro irinsa zai iya yin wannan tafiya da takardar shiga a hannunsa, a ranar ce za mu ce muna da tsarin ilimi daga rabin aji zuwa jami'a.